Angar da Renita Ta Gani a Lungun Akuya

Halifax, Kanada
12 ga Maris, 1979

Yaya Ismay,

Gaisuwa mai yawa daga ƙaninki, da fatan takardar nan za ta same ki lafiya. Ya gwiwar? Gladwin ɗan Kawu Eben ya rubuto mini lokacin Kirsimeti cewa yanzu sai da sanda kike hawa tudun coci. Allah ya ƙara sauƙi. Mu nan ƙanƙara ba ta gama narkewa ba, amma muna nan da rai.

Na san abin da za ki faɗa tun kafin ki kai ƙarshen layin farko: Delmont ba ya tuna yana da 'yar'uwa a Bermuda sai buƙata ta kama shi. To, kin canka. Sai dai buƙatar ba tawa ba ce, ta 'yata Renita ce.

Idonta ne, Yaya. Tun bara take yawan tuntuɓe, ina yi mata faɗa ina cewa rawar kai ce. Ashe ciwo ne yake cin jijiyar idon daga gefe. Likita ya ce yanzu kamar mai leƙe ta bututu take, kuma bututun ƙara tsukewa yake yi. Babu magani, babu tiyata. Na tambaye shi yaushe zai rufe, ya ce yana iya kai shekara, yana iya gamawa cikin wata guda, ciwon ba ya yi wa kowa alkawari. Shekararta goma sha bakwai. Tun da uwarta ta rasu daga ni sai ita, kin sani.

Na ce ta faɗi abin da take so ta gani kafin lokacin, ko a ina yake. Na zaci za ta ce Landan. Sai ta ce, “Baba, Lungun Akuya.”

Bakina ne ya jawo. Tun tana ƙarama, duk lokacin sanyi in an kulle mu a ɗaki, ba ni da labarin da nake ba ta sai na gaɓar nan da ke bayan gidan Mama. Yadda ake gangarawa ta 'yar hanyar awaki, ka tarar babu kowa sai tsuntsayen nan masu dogon wutsiya. Yadda in ka tsoma fuska a ruwa duk hayaniyar duniya take ɗaukewa, ba ka jin komai sai numfashinka. Kifi mai bakin aku, shuɗi da kore, yana gurgurar dutsen murjani har kana jin ƙaras-ƙaras. Ganyayen nan masu kama da mafici suna kaɗawa. Sannan in ka wuce dutse na biyu, ga tsohuwar angar jirgi, ƙaton ƙarfen nan da ake jefawa ƙasan ruwa don tsayar da jirgi, kwance a gefe guda, ƙananan kifaye masu zane sun yi gida a zobenta. Ta haddace labarin har in na tsallake wani wuri sai ta gyara mini.

Zan turo ta farkon Afrilu. Ni ba zan samu zuwa ba, jirgin ruwanmu zai yi arewa da kaya kuma ni ne a ɗakin inji, sai cikin Yuni za mu dawo. Na saya mata tabaran ruwa da bututun numfashi, iyo kuwa ta fi ni iyawa.

Roƙona guda ne. Ranar farko da teku ta kwanta, ki sa Gladwin ya riƙe mata hannu su shiga. Kada a jira komai.

Ƙaninki,
Delmont

St. David's, Bermuda
27 ga Maris, 1979

Delmont,

Takardarka ta iso, na gode Allah da kuna lafiya. Gwiwa tana nan yadda ka ji, ba ta hana ni zuwa coci ba, ba ta kuma hana ni share kabarin Mama ba. Yana nan gefen na Baba, in ka manta, tunda ba ka ga ranar da aka haƙa shi ba.

Na yi kuka da na karanta zancen yarinyar. Ba na ɓoye maka. 'Yar da ban taɓa ɗauka a hannuna ba, sai hoto ɗaya da ka turo tana da haƙori biyu, yanzu kuma sai ciwo ne zai kawo mini ita. Ka turo ta. Gidan kakarta ne, ba sai an roƙe ni ba. Na wanke ɗakinka na da, na shanya katifa, tankin ruwa ma a cike yake don an yi mana ruwan sama sosai.

Amma Delmont, Afrilu? Ashe da gaske ne kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Wane ɗan tsibirin nan ne yake shiga teku kafin ashirin da huɗu ga Mayu? Baƙi masu yawon buɗe ido ne kawai, su da mahaukata, kuma ko su sai ka gan su sun fito leɓe shuɗi suna kaɗa haƙora. Kai da bakinka ka sha zama a bakin gaɓa kana yi musu dariya. Ka manta da yayanmu Eldon? A Afrilu ya yi nutso don ya kwance kejin kifi da ya maƙale, sanyi ya shige masa ƙirji, kafin Mayu ta kama mun binne shi. Kai kana da shekara tara, ni ce na kwana ina riƙe masa kai yana tari. Ban shirya sake riƙe kan wani ɗan gidan nan ba.

Za ta zauna da ni ta ci abinci ta yi ƙiba. Ranar ashirin da huɗu, in Allah ya kai mu, ni da kaina zan raka ta gaɓar da kwandon abinci kamar kowa. Likitanku ya ce shekara, 'yan makonni ba za su cinye shekara ba.

Angar da kake ta ba da labari kuwa, sai dai ka yi haƙuri. An daɗe da ciro ta. Mutanen sabon otal ɗin can ne suka zo da kwalekwale da igiyoyi suka ja ta, suka shafe ta da farin fenti suka kafa a bakin ƙofarsu, baƙi na jingina da ita ana ɗaukarsu hoto. Da kana zuwa da ka sani. Zumunta a ƙafa take, ba a tambarin gidan waya ba.

Yayarka,
Ismay

Halifax
4 ga Afrilu, 1979

Yaya Ismay,

Ina gaisuwa. Lafiyata lau. Takardarki ta zo yau da safe, Renita kuwa tun jiya jirginta ya tashi, yanzu haka tana ɗakina na da. Da takardar ta riga ta, wallahi ban san ko zan sa ta a jirgin ba.

Ki sake karanta abin da na rubuta. Likita bai ce shekara ba. Ya ce ko shekara ko wata. Kin ɗauki rabin da ya yi miki daɗi kin yar da ɗayan.

Eldon tun Janairu yake tari, kuma wuni ya yi a kwalekwale da jiƙaƙƙun kaya cikin iska. Kin san wannan. Yarinyar nan a Halifax ta girma, ruwan da take shiga a nan a tsakiyar Agusta ya fi naku na Afrilu sanyi nesa ba kusa ba. Abin da ku kuke kira sanyi ita ruwan wanka ne a wurinta. Al'adar nan ta masu lokaci ce, Yaya, masu bana da baɗi. Ita ba ta da shi.

Zancen angar ya taɓa ni, amma kada ki gaya mata. In ta shiga ba ta gan ta ba, a ce yashi ne ya rufe.

Gobe da asuba za mu tashi. Ki riƙa aiko da takarda ofishin kamfani a St. John's, can za mu tsaya in mun juyo. Ban taɓa roƙonki komai haka ba. Don darajar Mama, ki bar ta ta shiga.

Ƙaninki,
Delmont

St. David's
17 ga Afrilu, 1979

Delmont,

Barka da Ista, da fatan teku ba ta wahalar da ku. Mu nan lafiya lau, ni da 'yarka.

Yarinyar nan Mama ce sak, har yadda take karkatar da kai in tana sauraro. Ranar Lahadi na yi mata busasshen kifi da dankali da ayaba, ta ce ba ta taɓa ganin an haɗa kifi da ayaba ba. Me kake ciyar da ita a can? Ta cinye ta ƙara.

Ka ce in yi don darajar Mama. Kai ne za ka koya mini darajar Mama? Ni na yi mata wanka shekara shida. Mama ko ƙafa ba ta bari mu tsoma kafin ranar, kai ma ka sha bulala a kan haka.

Ba zan yi maka ƙarya ba, tun da ta zo teku a kwance take kamar an goge ta. Kwalbar man hantar kifin shak da Baba ya rataya a baranda don duban yanayi garau take, ko ɗigon gajimare babu a cikinta, ka san kuwa ba ta taɓa yi mana ƙarya a kan iska ba. Irin wannan kwanciyar ce take ruɗar baƙi. Sama ɗumi, ƙasa ƙanƙara. Kullum da safe sai yarinyar ta fito da tabaran a hannu ta ce, “Gwaggo, yau fa?” In ce, “Ba yau ba.” Rannan Gladwin ya zo da gajeren wandonsa wai ka rubuta masa. Na ce, “Kai, ɗan Eben, in zafi kake ji ga tanki can, ɗebi bokiti.” Ya sosa ƙeya ya ce, “Yaya Ismay, ai na ce ko minti kaɗan ne.” Na ce, “Eldon ma minti kaɗan ya yi.” Don kada ta yi zaman banza na ce ya ɗauke ta a babur ya zaga da ita tsibirin, suka wuni suna yawo har can wajen otal-otal, ta dawo da ƙura a gashi.

Sau ɗaya ta ɗaga mini murya. Ta ce, “Gwaggo, ba ki gane ba ne, ni ba ni da…” Ban bari ta ƙarasa ba. Na ce, “Renita, ban san yadda ake yi a Kanada ba, amma a gidan nan ba a mayar wa babba magana.” Ta ce, “To, Gwaggo. Ki yi haƙuri.” Tun daga ranar ba ta sake ba. Tabaran na karɓa na kulle a adakar Mama, don na ga idonta yana kan hanyar awakin nan, kuma rigakafi ya fi magani.

Idon ma da kake ta kururuwa a kai, ni ban ga abin tashin hankali ba. Ita take zura mini zare a allura, ni da nake da ido biyu na kasa. Ranar Jumma'a Mai Kyau muka hau tudu sakin jirgin takarda kamar kowace shekara, Gladwin ya yi mata ɗaya mai launi bakwai mai kuka in iska ta buga. Zaren na hannunta amma tana tambaya, “Wanne ne namu?” Sai da ta bi kukansa ta same shi. Rana ce ta haske mata ido, ni ma hakan take yi mini.

Ka kwantar da hankalinka ka kula da injinka.

Yayarka,
Ismay

St. David's
9 ga Mayu, 1979

Delmont,

Ina gaisuwa, ko da yake ban san ko gaisuwata tana da daraja ba. Shiru babu amsa. In fushi kake yi ka faɗa, ba yau ka fara juya mini baya ba. Gwiwa ta ɗan matsa mini makon jiya, yanzu da sauƙi.

'Yarka lafiya lau, ta yi kumatu. Sai dai ba ka koya mata aikin gida ba. Ta fasa kofin Mama mai furanni, yana gabanta a kan tebur ta kai hannu ta ture shi. Ban yi mata faɗa sosai ba don ta fi ni jin zafin abin. Ga ta da son fitila, tun rana ba ta faɗi ba za ta ce a kunna, sai ka ce a Kanada kyauta ake ba ku wuta. Littattafan da ta zo da su ta daina buɗewa, allurar ma ta ce in bar ta, kanta ke ciwo in ta ƙura ido. Na dafa mata ganyen lemo.

Abin da zai faranta maka rai shi ne ta haƙura da zancen ruwan. Ta daina tambaya gaba ɗaya. Ka ga amfanin tarbiyya? Yaro in ya ga babba ba ya lanƙwasuwa sai ya nutsu. Yanzu sai ta zauna a matakalar baya ta fuskanci teku ta yi shiru, wani lokaci har ido a rufe. Na ce, “Barci kike?” Ta ce, “A'a, Gwaggo, ina koyo ne.” Ban san me take koyo ba, 'ya'yan zamani sai su.

Saura kaɗan. Na ɗinka mata riga shuɗiya ta ranar, na yi wa Misis Lamb mai shago magana ta ajiye mini kaza biyu. Teku har yanzu shiru, kwalba garau. Za ka gode mini.

Yayarka,
Ismay

St. John's
19 ga Mayu, 1979

Ismay,

Lafiyata lau, in wannan ne kike son ji. Ba fushi ne ya hana ni amsa ba, ƙanƙara ce ta tare mu a arewa. Jiya muka shigo, aka miƙo mini takardunki biyu tare. A tsaye na karanta su a bakin ofis, sai da wani ya kawo mini kujera.

Na buga waya shagon Misis Lamb, aka je kiranki, kika aiko cewa kina kan wanki, kuma abin da ya rage bai kai mako ba. Wanki, Ismay.

Ke da hannunki kika rubuta komai, amma ba ki karanta ba. Jirgin takarda yana saman kanta ba ta gani. Kofi yana gabanta ba ta gani. Tana neman fitila da rana. Ta ajiye littafi, yarinyar da ko abinci take ci littafi na gefen faranti. Ba son jiki ba ne, ba rashin tarbiyya ba ne, bututun ne yake rufewa a gabanki kina dafa ganyen lemo. Kin tambayi abin da take koyo da ido a rufe? Makanta take koyo, a matakalar gidan uwarmu, teku na kwance a gabanta kamar faranti, tabaranta na cikin adaka.

Ba haƙura ta yi ba. Kin rufe mata baki ne.

Ban san ranar da takardar nan za ta same ki ba. Ko da tsakar rana ce, ko ranar Lahadi ce kina hanyar coci, ki juya ki buɗe adakar nan. Eldon ya mutu shekara talatin da wani abu, ba zai dawo ba ko kin hana duk tsibirin wanka.

Delmont

St. David's
3 ga Yuni, 1979

Ƙanena Delmont,

Ina gaishe ka. Ni dai ga ni nan. Renita jikinta lafiya, jibi Gladwin zai kai ta filin jirgi, na roƙi wata mata 'yar cocinmu da za ta Halifax ta zauna kusa da ita.

Takardarka ta zo ranar ashirin da shida. Ko da ta zo da wuri da kwana huɗu, da ba ta yi amfani ba. Ana jibi ashirin da huɗu na fito baranda na ga man kwalbar ya yi fari, ya murɗe daga ƙasa kamar wutsiya. Na girgiza kai na ce ƙarya ne, karo na farko a rayuwata da na ƙaryata kwalbar Baba. Ranar ashirin da huɗu iska ta taso daga kudu da ruwa kamar da bakin ƙwarya. Babu wanda ya shiga teku a duk St. David's. Muka ci kajin a kicin, tana sanye da shuɗiyar rigar. Da iskar ta faɗi kuma ruwan ya dagule kamar na wanki, ko hannunka ba ka gani, sai da wata ya ƙare ya tace.

Shekaranjiya ya kwanta. Ni na buɗe adakar da kaina. Na miƙa mata tabaran, ta miƙo hannu ta kama iska a gefensa. A nan na gane, Delmont. Ba sai da takardarka ba.

Muka gangara hanyar awakin tana dafe da kafaɗata, ni mai sanda ni ce jagora. Gaɓar babu kowa, yadda ka bar ta. Gladwin ya gyara mata tabaran, ya sa mata bututun a baki, ya riƙe hannunta suka shiga. Ko ɗar ba ta yi ba. Na zauna a kan dutse da tawul ina kallon kan bututun yana tafiya a saman ruwa, ya wuce dutse na farko, ya wuce na biyu, ya tsaya can ya daɗe. Daga baya Gladwin ya ja ni gefe yana share ido ya ce, “Yaya Ismay, kifi mai bakin aku ya zo dab da fuskarta, ƙato, har ya kusa taɓa gilashin. Na matsa mata hannu ina nuna mata. Ba ta juya ba.”

Da ta fito na lulluɓe ta. Ita ce ta fara magana. Ta ce, “Gwaggo, na gani.” Na ce, “Me kika gani, 'yata?” Ta ce, “Duka. Kifi mai bakin aku, shuɗi da kore, yana gurgurar dutse. Maficin nan suna kaɗawa.” Sai ta juyo da fuskarta daidai inda muryata take, ta ce a hankali, “Har angar na gani, Gwaggo. Tana kwance a gefe guda, ƙananan kifaye masu zane sun yi gida a zobenta.”

Na ce, “Eh, 'yata. Tana nan.” Me zan ce?

Ban yi barcin kirki ba tun ranar. Na yi abin da aka koya mini ne, abin da Mama ta yi, abin da kowace uwa a tsibirin nan take yi. Tsoron rasa ta ne ya sa, Allah shaida ne. Kai ma kuma kada ka wanke hannunka tas. Shekara goma sha bakwai kana cika mata kunne da Lungun Akuya, jirgi na tashi daga Halifax kowane mako, ba ka kawo ta ba sai da ido ya kusa ƙarewa, ka turo mini ita ka hau teku ka bar ni da hukunci.

Abu ɗaya ne yake ɗan sanyaya mini rai. Yarinyar nan ba ta riƙe ni a zuciya ba. Dubi yadda ta haɗa labarin nan kaf don kada in ji kunya, ba ta san angar ce za ta tona ba. Irin wannan zuciya sai Mama. Ban gaya mata an cire angar ba, yadda ka ce, kuma Gladwin ba mai surutu ba ne. Kai ma in ta ba ka labari ka karɓa. Mu bar ta tana ganin ta rufa mana asiri, wannan kaɗai ya rage da za mu iya yi mata.

Ka rubuto, ko zagi ne.

Yayarka da ba ta da kowa sai ku,
Ismay

Halifax
21 ga Yuni, 1979

Ismay,

Renita ta iso lafiya, ni ma na sauka daga jirgi. Na je ɗauko ta gidan maƙwabciyarmu, na tsaya a gabanta, ba ta san ni ne ba sai da na yi magana. An ba ta farar sanda, tana koyon hawa bene.

Nawa laifin na san shi, ba sai kin karanta mini ba. Da shi nake kwana.

Na yi niyyar yin yadda kika ce. Na zaunar da ita na ce ta ba ni labarin Lungun Akuya, na shirya fuskata, sai na tuna ba ta ganin fuskar. Ta ce, “Baba, ban ga komai ba. Haske ne kore, shi ke nan. Amma na ji ƙaras-ƙaras ɗin, wannan gaskiya ka faɗa.”

Na ce to angar fa, da ta gaya wa gwaggonta?

Ta ce, “Angar tana ƙofar otal, an shafa mata farin fenti. Ranar da Kawu Gladwin ya zaga da ni a babur ya nuna mini. Lokacin ina gani sosai, har na karanta rubutun da aka liƙa a jikinta.”

Na ce, “Kin san babu ita a ruwan, kuma kin san gwaggonki ta sani. Me ya sa kika ce kin gan ta?”

Ta ce, “Gwaggo ta ce a gidanta ba a mayar wa babba magana. To ta ina zan gaya mata?”

Don haka ba asiri ta rufa miki ba, Ismay. Magana ta gaya miki, kuma ta tabbata kin ji.

Tabaran yana kan gadon ɗakina na da, da gangan ta bar shi. Ta ce ki mayar da shi adaka, can ya saba.

Delmont